Yadda ake kafa gamayyar binciken lafiya ta jiha, daga Zariya har Kafanchan

Idan ka shiga mota a Kwangila ka miƙi hanyar Sakkwato, kafin ka wuce Shika ka gifta ɗakunan gwaje-gwaje masu ɗimbin yawa. Akwai na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, wadda aka buɗe tun 1962: sashen kimiyyar sinadaran jiki, tsangayar haɗa magunguna, tsangayar likitancin dabbobi, da cibiyar binciken makamashi mai tukunyar nukiliyar bincike. Ga asibitin koyarwa a Shika, ga cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI kusa da shi. A Basawa akwai cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT, a Saye akwai cibiyar horo kan tarin fuka da kuturta. Duk da wannan arziki, sai ka ga ɗalibin digiri na biyu ya cusa samfurinsa cikin kula da ƙanƙara ya bi motar dare zuwa kudu, alhali na'urar da yake nema tana nan bayan katanga, an lulluɓe ta da leda, makulli kuma yana aljihun mutum ɗaya. Shi kuwa malamin da ke koyarwa a Kafanchan ko Maƙarfi, bai ma san akwai ta ba.

Wannan ɓaraka ce gamayyar jiha ke ɗinkewa. Ba mu muka fara tunanin ba. A Amurka, majalisar dokoki ta kafa wani shiri a 1993 ƙarƙashin NIH, hukumar binciken lafiya ta ƙasar, don jihohin da ba su cika samun kuɗin bincike ba, jihohi 23 da yankin Fotoriko. Daga cikinsa aka fitar da tsarin INBRE, inda babbar jami'ar jiha ke zama uwa, ƙananan kwalejoji su zama rassa, a raba kayan aiki da horo da kuɗi, a sabunta tallafin duk bayan shekara biyar. Kuɗin na jihohinsu ne kaɗai, mu ba za mu iya nema ba. Tsarin ne abin ɗauka, kuma Bahaushe ba baƙo ba ne a gare shi: aikin gayya ne, yau a gonar wane, gobe a taka. Gayyar da kullum a gonar mutum ɗaya ake yi, ba ta kai damina ta biyu.

Mataki na farko: ku ƙidaya abin da ke ƙasa

Kada ku fara da taron ƙaddamarwa, da alluna da huluna da babban baƙo. Ku fara da mutum uku ko huɗu da littafi, su bi ɗaki ɗaki. A kowane wuri a rubuta sunan na'ura, shekarar da aka kawo ta, ko tana aiki a yau, wa ya iya sarrafa ta, sinadaran da take ci da inda ake samo su, da kuma wutar da ke riƙe da ita. Shugaban sashe zai ba ku jerin da ke cikin fayil. Ku karɓa da hannu biyu, ku yi godiya, sannan ku nemi ma'aikacin ɗakin gwajin da ya shekara ashirin a wurin, ku ce ya kunna muku ku gani. Na taɓa ganin injin PCR, mai gano ƙwayoyin halitta a cikin samfur, da aka rubuta "yana aiki" shekara da shekaru, ashe ko daga kwalinsa ba a fitar da shi ba, don babu wanda aka tura koyon amfani da shi.

Ƙidayar ta haɗa da mutane. Wa ke da digiri na uku, a wane fanni? Wa ya taɓa cin tallafi daga waje ya kuma rufe lissafinsa lafiya? Wa ya iya lissafin ƙididdiga da gaske? Irin waɗannan ba su da yawa, kuma kusan kowace takarda sai ta bi ta hannunsu.

Kada ku tsaya a Zariya. A Kaduna akwai Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004, da asibitin koyarwa na Barau Dikko, da cibiyar binciken cutar barci da sammore ta NITR, da asibitin ido da na kunne na ƙasa, da asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, da makarantar horar da hafsoshin soja. Akwai harabar jami'ar jihar a Kafanchan, da makarantar kimiyyar lafiya ta Shehu Idris a Maƙarfi, da kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli. Jihar tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255, kuma marasa lafiyar da za ku yi bincike dominsu galibi a ƙananan asibitocin mazaɓun nan suke, ba a Shika ba. Ku ba wannan aiki wata uku. In kun gama, ku buga sakamakon ku raba wa kowa kyauta. Wannan ɗan kundi shi ne amfanin farko da mutane za su gani, tun kafin a nemi sisin kowa.

Mataki na biyu: ku zaɓi abu biyu ko uku, ku bar saura

Nan ne rigimar farko. Kowane farfesa zai so a sa fanninsa. In kun biye wa kowa, za ku tashi da jerin abu goma sha biyar, wanda daidai yake da ba ku zaɓi komai ba.

Tarihin Zariya kansa ya nuna irin binciken da ke yin tasiri: wanda ya tashi daga abin da ke kwantar da mutanenmu. A shekarun 1970, Brian Greenwood ya yi kusan shekara goma a nan yana aiki kan sanƙarau kafin ya koma Gambiya a 1980. A zamanin nan ne likitocin asibitin koyarwa, cikinsu har da Eldryd Parry, suka lura da yawan ciwon zuciya a wurin masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gadon da aka hura wa wuta a ƙasa. Kelsey Harrison da abokan aikinsa suka bi haihuwa 22,774 daga 1976 zuwa 1979, suka nuna yadda rashin zuwa awo da rashin karatu da haihuwa da ƙuruciya ke kai mata kabari. Marigayi Farfesa Andrew Nok kuwa ya duƙufa kan ƙwayar cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa har ya ci kyautar kimiyya ta Najeriya a 2009. Babu ɗaya daga cikinsu da ya aro tambayarsa daga wata ƙasa.

To ku yi tambaya uku kan kowane fanni: yana damun mutanen jihar? Muna da masana aƙalla a cibiyoyi uku? Ƙaramar makaranta za ta iya taka rawa a ciki, ko sai mai tsadaddiyar na'ura? A ganina amosanin jini ya cika sharuɗɗan duka, tunda kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da ƙwayar halittarsa. Haka cututtukan da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum, kamar haukan kare da bakkale mai sa shanu ɓari da tarin shanu, domin ba kowace jiha ke da likitocin mutane da na dabbobi a titi ɗaya ba kamar yadda muke da su. Na uku, ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani. Wannan zaɓina ne. Naku na iya bambanta, amma kada ya wuce uku a shekaru biyar na farko.

Mataki na uku: uwa da rassa

Dole a sami cibiya ɗaya da za ta riƙe ofis da asusu. Mafi yawa za a ce jami'ar Samaru, don girmanta da gogewarta wajen riƙe kuɗin waje, irin na cibiyar nazarin cututtukan da aka yi wa sakaci wadda Bankin Duniya ya tallafa. Ba laifi. Amma babba yakan cinye ƙarami ba tare da ya yi niyya ba: taro a harabarsa, shugaba nasa, sakatare nasa, ɗaliban da suka ji sanarwa da wuri nasa. Shekara biyu, sai ka ga na nesa sun daina zuwa, kuma ba za su faɗa maka dalili ba, sai dai su ce hanya ba kyau.

Maganinsa a rubuce yake. Idan shugaba ya fito daga uwa, mataimaki ya fito daga reshe. A kwamitin gudanarwa kowace cibiya ƙuri'a ɗaya, komai girmanta. Taron shekara ya riƙa zagayawa: bana Zariya, baɗi Kaduna, baɗin baɗaɗa Kafanchan. A ba ma'aikatar lafiya ta jiha kujera, domin ita ce za ta yi aiki da sakamakon. Shugabanci kuma ya kasance da wa'adi, shekara uku ko huɗu, a sabunta sau ɗaya.

Sai mutum ɗaya da ake yawan mantawa: manajan shiri na cikakken lokaci, wanda ba malami ba ne, ba ya da jarrabawar da zai duba. Farfesa na da aji da asibiti da taron majalisar jami'a. Wanda zai bi takarda daga ofis zuwa ofis, ya tuna wa mutane ranar rufe rahoto, ya san inda kowace rasit take, shi ne ƙashin bayan tafiyar. In kuɗinku bai isa ɗaukar kowa ba sai mutum ɗaya, shi za ku ɗauka.

Mataki na huɗu: ku rubuta rabon tun tukunya ba ta hau wuta ba

Mutanenmu na jin kunyar maganar rabo kafin abu ya samu. A ce ai duk 'yan'uwa ne, za a daidaita. Ba a daidaitawa. Ranar da kuɗi ya sauka, ranar ce kowa zai tuna wahalar da ya sha. Don haka takardar yarjejeniyar da shugabannin cibiyoyi za su sa wa hannu, bayan lauyoyinsu sun duba, ta amsa waɗannan dalla-dalla.

Kuɗi: kashi nawa ne zai fita zuwa rassa? Ni zan ce kada ya gaza rabi, kuma a rubuta adadin da lamba. Cikin kwana nawa uwa za ta tura wa reshe kasonsa? Bayan da aka tilasta asusun bai ɗaya na gwamnatin tarayya a 2015, kuɗin jami'o'in tarayya sun riƙa bin hanyoyin da ke cin lokaci, don haka ku zauna da ofishin ma'ajin jami'a tun farko ku fahimci yadda kuɗin tallafi ke shiga da fita, musamman in da dala ya zo.

Suna a kan takardar bincike: wannan ya fi kuɗi raba zumunci, domin da shi ake ƙarin girma. Ka'idar mujallun likitanci na duniya ita ce sunan wanda ya yi aiki na gaske a tsara bincike ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya sa hannu a rubutu, ya amince da shi, ya kuma ɗauki alhakinsa. Ba a sa sunan mutum don shi ne shugaban sashe. Ba a kuma cire sunan ma'aikaciyar jinyar da ta yi wata takwas tana tattara bayanai a Giwa, ana gode mata da layi ɗaya a ƙarshe. A jawo ta cikin rubutun. A amince da jerin sunayen kafin a ɗebi jinin farko.

Samfuri da bayanai: na wa ne? A ina za a adana? Wa ke da izinin buɗe firiza? In za a fitar da samfur zuwa wata ƙasa, dole sai da yarjejeniyar miƙa samfur kamar yadda dokokin ɗa'ar bincike na ƙasa suka tanada. Bayanan marasa lafiya kuma suna ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2023, saboda haka a cire sunaye a sa lambobi, kuma kada a riƙa yawo da su a WhatsApp.

A ƙarshe, yadda cibiya za ta fita in ta ga dama, da abin da zai faru da kayan da aka ajiye a wurinta.

Mataki na biyar: izini, na hukuma da na jama'a

Babu binciken da ya shafi ɗan Adam da zai fara ba tare da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike ba. Kwamitin ƙasa na NHREC ne ke yi wa na cibiyoyi rajista, kuma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ba shi ƙarfi. Matsalar gamayya ita ce bincike ɗaya a asibitoci huɗu na iya jiran kwamitoci huɗu, kowanne da fom ɗinsa da kuɗinsa da ranar zamansa. Ku tara shugabanninsu su amince da fom guda, ɗaya ya yi cikakken dubawa, saura su duba abin da ya shafi wurinsu kawai. Binciken dabbobi ma na da kwamitinsa.

Hatimin kwamiti ba ya buɗe ƙofar gida. Mutanen Arewa ba su manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma zargin da ya biyo baya na cikin abin da ya rura ƙin rigakafin shan inna a 2003. Duk wanda ya shiga ƙauye da sirinji yana ɗauke da wannan tarihi, ko ya sani ko bai sani ba. A bi ta fada, daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, a gaida liman da fasto, a zauna da ungozoma da shugabar mata. A yi bayani da harshen da mutane ke ji, Hausa ko Fulatanci ko Gbagyi ko Tyap ko Jju, takardar amincewa kuma a yi ta da boko da ajami. Wanda ba ya karatu a karanta masa gaban shaida, ya dangwala. Sallama ga maigida ladabi ne kuma yana sauƙaƙa aiki, amma amincewar matar ita kanta ce sharaɗi. In ta ce a'a, an gama. Kuma in bincike ya ƙare, a koma a faɗa musu abin da aka gano. Rashin komawar nan shi ya sa a wasu garuruwa ake cewa, "Ku ne masu ɗibar jini ku tafi?"

Mataki na shida: kayan tarayya, da wutar da za ta riƙe su

Kada ku sayi sabuwar na'ura a shekarar farko. Ku gyara waɗanda ƙidaya ta nuna ƙaramin abu ya tsayar da su. Sannan ku ware ɗaki biyu ko uku a matsayin na kowa, da littafin kama layi da farashi a manne a ƙofa: farashin 'yan gamayya, na ɗalibai, na baƙi. Kyauta ba ta ɗorewa, domin sinadari na ƙarewa. Kuɗin da aka karɓa ya zauna a ɗakin don gyara da sayen kaya.

Wuta ita ce komai. Firizar da ke riƙe samfur a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, in ta yi dogon zama babu wuta, aikin shekaru ya narke, kuma babu yadda za a sake ɗebo jinin yaron da aka gani shekara uku da suka wuce. A haɗa mata sola da batir, janareta na jiran ko-ta-kwana, da na'urar da za ta buga wayar mutum biyu in zafi ya fara hawa. Samfuri masu muhimmanci a raba su gida biyu, rabi a Zariya rabi a Kaduna. Wannan rabon na da wani amfani: a 2022 yajin aikin malaman jami'o'i ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, don haka ku rubuta tun yanzu wa zai riƙa duba firiza da ciyar da ɓerayen gwaji idan an rufe makaranta.

Jigilar samfur kuma ta sami rana tsayayya a mako, da akwatin sanyi mai rufi uku da takardar miƙawa da karɓa. Tsakanin Zariya da Kaduna kimanin kilomita 80 ne, abu mai sauƙi. Daga kudancin jihar ne ake buƙatar shiri. Kada a ba direban tasha a ce ya kira in ya iso.

Mataki na bakwai: ƙaramin tallafi da babban malami

Nan ne gamayya ke haihuwa. Kowace shekara a yi shelar ƙananan tallafi ga matasan malamai, na wata goma sha biyu zuwa sha takwas, da sharaɗi biyu: aikin ya haɗa cibiyoyi biyu aƙalla, kuma kowane mai nema ya sami jagora daga wata cibiya daban. Masu tantancewa su fito daga wajen jihar, don kada a ce an ba yaron wane. Wanda bai ci ba a mayar masa da sharhi a rubuce. Sau da yawa sharhin ya fi masa kuɗin amfani.

Jagoranci kuma ba a bar shi ga "in Allah ya haɗa mu" ba. A sa ranar ganawa sau ɗaya a wata, a rubuta abin da aka tattauna. Kuma a nemi shugaban makarantar ya rage wa wanda ya ci tallafi nauyin aji, a rubuce. Malamin da ke koyar da ɗalibai ɗari biyar ba zai yi bincike ba ko da an cika masa ɗaki da na'urori. Mata masu goyo a ƙara musu wa'adi ba tare da sun roƙa ba.

Ga ɗalibai, a buɗe zaman mako takwas zuwa goma a lokacin hutu, ɗalibin Maƙarfi ko Kafanchan ya zo Samaru ko Shika ya riƙe kayan gwaji da hannunsa, a ba shi masauki da kuɗin abinci, in ba haka ba 'ya'yan masu hali kaɗai za su zo. A ƙarshe kowa ya tsaya ya bayyana abin da ya yi. Horon lissafi da sarrafa bayanai kuwa ba ya buƙatar sayen manhaja: manhajar lissafi ta R kyauta ce, KoboToolbox na tattara bayanai a waya ko babu intanet, mujallu kuma ana samun su ta shirin Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya in ɗakin karatu ya yi rajista. Kada a manta masu gyaran na'urori da ma'aikatan ɗakin gwaji a rabon horo.

Mataki na takwas: inda kuɗin zai fito

Na bar shi a baya da gangan, domin mai ba da kuɗi ya fi sauraron wanda ya zo da kundin ƙidaya da yarjejeniya mai hatimi da sakamakon ƙananan ayyuka biyu. A gida akwai TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, da tallafinta na binciken cikin makaranta da kuma asusun bincike na ƙasa, wanda ke son ayyukan haɗin gwiwa. Akwai gwamnatin jiha, kuma abin da za ku nema a wurinta layi ne a kasafin kuɗi, ko ƙarami ne, ba kyautar rana ɗaya ba. A waje akwai gidauniyar Wellcome da ta Gates da cibiyar Fogarty ta NIH. Ku sani NIH kashi 8 cikin ɗari kawai take bai wa cibiyoyin ƙetare na hidimar gudanarwa, don haka kuɗin dizal ba daga nan zai fito ba. Yadda tallafin Amurka ya tsaya cak a wurare da yawa a 2025 ya isa hujjar kada a jingina da bango ɗaya. Kowace cibiya kuma ta riƙa zuba nata na shekara, kamar zubin adashe, gwargwadon ƙarfinta. Wanda ya zuba shi ke zuwa taro ya tambayi lissafi.

Mataki na tara: awo

Sau ɗaya a shekara, ku gayyato masana uku zuwa biyar daga wajen jihar su duba ku, su rubuta rahoton da za a karanta gaban kowa. Ku ba su lambobi: samfuri nawa aka gwada a ɗakunan tarayya kuma daga ina suka zo, takardu nawa aka wallafa da sunayen cibiyoyi biyu ko fiye, matasa nawa suka ci tallafi na kansu bayan sun bar naku, ɗalibai nawa suka wuce digiri na gaba, da wane sakamako ne ma'aikatar lafiya ta ɗauka ta yi aiki da shi. Kowace lamba a kasa ta gida biyu, na uwa da na rassa, a kuma nuna maza da mata. Idan littafin kama layi na ɗakin Samaru ya nuna duk masu amfani da shi 'yan Samaru ne, a tura manajan shiri Kafanchan da Maƙarfi a makon nan ya tambayi dalili, ko kuɗin mota ne, ko masauki, ko kuwa wani ne ya tarye su a bakin ƙofa ya ce mai makulli ba ya nan.